Famfon ruwan motata yana yoyo: shi kaɗai za a canza, ko har da taimin bel?

Tambaya:

Motata ta haura kilomita 170,000. Kusan wata guda ke nan duk bayan kwana uku ko huɗu sai na ƙara ruwa a lagireto, da safe kuma ina tarar da ɗigo a ƙasa ta gefen da bel yake. Kwanan nan ta fara wani gurnani daga gaban injin, sau biyu kuma allurar zafi ta haura rabi ina cikin cunkoso. Makanikina ya ce famfon ruwa ne, kuma wai sai an haɗa da taimin bel da tenshina an canza, alhali ni ban ga abin da ya sami bel ɗin ba. Da gaske ne, ko ƙarin kashe kuɗi ne kawai? Zan iya ci gaba da ƙara ruwa zuwa wani lokaci? Ina da 'yan sufanu a gida, aikin zai yiwu da hannuna?

Amsa:

Malam, tambayoyinka uku ne, amma ta tsakiyar ce ba ta jira, don haka da ita zan fara. Kada ka ci gaba da ƙara ruwa kana hawa. Da ɗigo ne kawai babu ƙara, da na ce ka lallaɓa na 'yan kwanaki, idonka a kan allura. To amma ɗigo ya haɗu da gurnani, ga zafi ya riga ya tashi har sau biyu. Gurnanin nan boris ne yake sanar da kai ya gama aiki, kuma a injin da taimin bel ke juya famfonsa, boris ɗin famfo idan zai mutu ba shi kaɗai yake tafiya ba. Ka ajiye ta har a gyara. Na daɗe ina buɗe injuna, kuma yawancin tof silindan da na kai aka goge, masu su sun yi makonni suna sane motar tana shan ruwa kafin ranar da ta tsaya.

Famfon ruwa, wanda a gareji muke cewa wotafam, ƙirarsa ba ta da wani sarƙaƙiya. Sanda ce guda ta ƙarfe. A bakinta na waje akwai fuli inda bel ke kamawa, a na ciki kuma farfela ce nutse cikin ruwan injin. Farfelar tana jan ruwa ta tsakiyarta tana wurga shi gefe, ya ratsa hanyoyin da ke kewaye da silinda, ya hau tof silinda ya kwashi zafi, ya fita zuwa lagireto ya huce, ya dawo. Tsakanin fuli da farfela akwai abubuwa biyu da ran famfon ke hannunsu: boris da ke riƙe da sandar, da sil da ke hana ruwa isa ga boris ɗin. Sil ɗin nan ba 'yar roba ba ce kamar yadda mutane ke zato. Zobba biyu ne masu tsananin santsi, galibi ɗaya na kabon ɗaya na wani abu mai tauri irin tangaran, ɗaya yana juyawa tare da sandar ɗaya yana tsaye, sifirin yana danna su da juna. Ruwan da ke cikin injin shi ne yake shiga tsakaninsu ya hana su cin juna. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Tsakanin sil da boris, masu ƙira sun huda wani ɗan rami da gangan. Amfaninsa shi ne idan sil ya fara sakin ruwa, ruwan ya sami mafita zuwa waje maimakon ya faɗa cikin boris. Ɗan danshi ko busasshen tabo a bakin ramin ba abin tayar da hankali ba ne. Amma idan ruwa yana ɗiga har ƙasa, sil ya tafi, kuma ba a gyara shi, famfon ake canzawa gaba ɗaya. Duk wanda ya ce bari ya toshe maka ramin nan da gam, kada ka yarda. Ruwan bai daina fita daga sil ba, hanya kawai aka sauya masa, sai ya shiga boris ya wanke giris ɗin da ke ciki. Haka ma garin nan ko ruwan da ake sayarwa a zuba a lagireto wai yana toshe yoyo. Yana iya riƙe ɗan tsagu a lagireto na ɗan lokaci, amma ba zai liƙe zobba biyu da ke juyawa a kan juna ba, sai dai ya je ya cushe siraran bututan hita da na lagireto.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a tabbatar famfon ne. Ina faɗin haka ne don na ga famfuna masu lafiya da yawa da aka jefar a banza, alhali laifin na wata tiyo ce da ta tsage a sama, ruwan yana gangarowa yana ɗiga ta ƙarƙashin famfon. Ruwa ƙasa yake bi, don haka inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne tushensa ba. Gwajin da ya fi kowanne shi ne na matsi: injin yana sanyi, a ɗaura wani ɗan famfon hannu mai geji a bakin lagireto, a hura har adadin da ke rubuce a jikin murfin, wanda galibi yake tsakanin 0.9 da 1.4 na ma'aunin bar. Sai a zuba ido. Idan allurar gejin tana sauka, a bi da fitila a ga inda ruwa ke tsattsafowa. A injin irin naka famfon yana ɓoye bayan murfin taimin, don haka ruwan zai fito ne ta gindin murfin, kusa da babban fulin karanshaf. A cire murfin sama a haska ciki. Sau da yawa za ka ga sawun busasshen ruwa, fari ko kore ko ruwan hoda, ya zana hanya daga famfon zuwa ƙasa.

Shi kuma gurnanin, akwai dabara mai sauƙi ta gano mai shi. A cire fambel na waje, a tayar da injin na minti ɗaya kacal. Idan ƙarar ta ɗauke, ba daga famfo take ba, a duba olteneta ko kwamfuresan iya-kwandishan ko fulin da ke tsuke fambel. Idan tana nan, to a bayan murfin taimin take, kuma ko famfo ne ko tenshina, wato abin da ke tsuke taimin bel, ko fulin jagora, duk buɗewa ɗaya ce. Wannan dabarar ta injin da taimin bel ke juya famfonsa ce. Idan fambel ne ke juya famfon, ba sai an tayar ba: cire bel ɗin, ka kama fulin famfon ka girgiza shi sama da ƙasa, ka juya shi da hannu. Mai lafiya ba ya lilo ko kaɗan, kuma ba ya yin gwarangwaran kamar akwai yashi a ciki.

Maganar allura da ke tashi a cunkoso ta sa zan ƙara maka abu biyu. Na farko fanka. Motar da ke zafi a tsaye amma ta huce da zarar ta kama hanya, sau da yawa fankarta ce ba ta tashi, ko tana tashi da rauni. Mai yiwuwa ƙarancin ruwa ne kawai ya jawo naka, amma a duba, kada a canza famfo a bar rabin matsalar. Na biyu ya fi nauyi. Tunda injin ya riga ya yi zafi sau biyu, a gwada tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof silinda da jikin injin, kafin a sayi komai. Akwai wani ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto injin yana aiki. Idan hayaƙin silinda yana kutsawa cikin ruwa, sai ya koma rawaya. Alamominsa na ido kuma su ne kumfa mai tasowa ba tsayawa a bakin lagireto, farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan injin ya ɗumama, ko baƙin mai ya sauya launi ya yi fari-fari. Idan gasket ya riga ya ƙone, sabon famfo ba zai hana zafi ba, kuma gara ka san girman aikin tun yanzu.

To, mu zo kan makanikinka. Gaskiya ya faɗa maka, kuma da ya yarda ya canza famfon kaɗai ya mayar da tsohon bel, shi ne da ya cuce ka.

Dalilin yana ga abin da ke juya famfon, kuma motoci sun bambanta. A Toyota Corolla mai injin 1ZZ, da Camry mai 2AZ na lita 2.4, da Honda mai K24, famfon yana waje, fambel ke juya shi. Waɗannan awa ɗaya ko biyu sun isa, babu ruwansu da taimin. A wasu kuma sarƙar taimin ce ke juya shi can cikin injin, kamar V6 na Ford mai lita 3.5 da ke cikin Edge da Explorer, inda ruwa kan iya zarcewa cikin baƙin mai idan famfon ya lalace sosai. Akwai masu famfon lantarki da babu bel ko kaɗan, kamar injin N52 na BMW da ya fito a 2004 da Toyota Prius samfurin 2010. Sai kuma rukunin da motarka take ciki, inda taimin bel ɗin da ke haɗa karanshaf da kamshaf shi ne dai yake ratsa fulin famfon: V6 na Honda, tsohuwar Camry mai 5S na lita 2.2, yawancin injunan dizal 1.9 TDI na Volkswagen, da Peugeot da yawa.

A wannan rukunin ba za a kai ga famfo ba sai an cire taimin bel. Duk wahalar aikin, cire taya, babban fuli, murafe, tokare injin, daidaita taimin, ita ce dai wahalar canza bel. Wannan ta fuskar aljihu ke nan: in ba a canza yau ba, za ka sake biyan ladan aikin nan sukutum nan gaba kaɗan. Amma ba shi ne babban dalili ba. Bel ɗin da ka ce ba ka ga abin da ya same shi ba, ya yi wata guda yana wanka da ruwan lagireto. Ƙarfin taimin bel ba a fatarsa yake ba, yana cikin zaruruwan da ke kwance a cikinsa da kuma gindin haƙoransa, kuma ido ba ya ganin lalacewarsu. Bel yakan yi kyau fes yau, gobe ya zubar da haƙora goma a jere. Ga kuma shekaru: kowane kamfani yana da wa'adinsa. Honda, alal misali, ta sa wa V6 ɗinta mil 105,000, wato kimanin kilomita 168,000, ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa, ta kuma rage shi zuwa kilomita 100,000 ga motar da ke yawan aiki inda zafi ke haura digiri 43. Idan ba a taɓa canza naka ba, a kilomita 170,000 da wuya bai ci wa'adinsa ba ko da famfon lafiyarsa ƙalau.

Abin da ke faruwa idan bel ya tsinke ko ya tsallake haƙora shi ne abin tsoron. A yawancin injunan zamani, bawul da fistin wuri ɗaya suke amfani da shi a cikin silinda, lokaci ne kawai ya raba su: wannan ya sauko, wancan ya janye. Taimin bel shi ne mai raba musu lokacin. Da zarar ya saki, kamshaf ya tsaya da wasu bawul a buɗe, fistin kuma yana ci gaba da tasowa da ƙarfinsa, sai ya doke su. Akwai 'yan injuna irin 5S na Toyota da ba sa haɗuwa, mota kawai za ta mutu a hanya. V6 na Honda da injunan dizal ba sa cikin masu wannan sa'ar. Yanzu ka tuna da boris ɗinka mai gurnani. Idan ya saki, fulin famfo zai karkace, bel ya yi sako-sako ko ya zame gefe yana cin murfi. Idan kuma ya cije, fulin ya tsaya cak, bel ya ƙone a kansa ko ya tsinke.

An taɓa jawo mini wata mota da igiya wadda aka canza wa famfo a wani gareji 'yan watanni kafin nan. Famfon sabo ne, mai kyau ma. Mai motar ne ya ce a mayar da tsohon bel don yana ganin bai tsufa ba, su kuma suka biye masa. Yana tsakiyar gudu a babbar hanya da iyalinsa injin ya ɗauke. Da muka ɗaga tof silinda, bawul ɗin da suka lanƙwashe sun fi waɗanda suka tsira yawa. Har yau ina jin takaicin motar nan, don injin ne mai tsabta da aka kula da shi, garin neman gira aka rasa ido.

Tenshina da fulin jagora ma haka. Boris ne a cikinsu, shekarunsu ɗaya da na famfon, juyi ɗaya suka sha. Shi ya sa kamfanoni irin Gates da Aisin suke sayar da su a kwali ɗaya: bel, tenshina, fuli, famfo da gasket. Ka sayi kwalin gaba ɗaya daga sunan da aka sani, ka kuma kula da jabu, don ana kwaikwayon kwalayen manyan kamfanoni sosai. Famfon jabu a ido ɗaya yake da na gaske, bambancin yana cikin sil da boris inda ba ka gani. Idan an buɗe an ga sil ɗin karanshaf ko na kamshaf yana tsattsafar da mai, a canza shi a lokacin, don mai ya fi ruwa cin bel. Ni kuma nakan haɗa da tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya ɗumama, da murfin lagireto, tunda ruwa ya riga ya zube kuma injin ya sha zafi.

Ko za ka iya da hannunka? Da famfon waje ne, da na ce bismillah, mai haƙuri da sufanu zai yi shi. Na bayan taimin bel kuwa, idan ba ka taɓa ɗaura taimin ba, shawarata ka bar wa wanda ya saba. Kuskuren haƙori ɗaya zai sa mota ta rasa ƙarfi, kuskuren haƙora da yawa zai lanƙwasa bawul a murɗa makulli na farko. Ko notin babban fuli kaɗai ya isa ya tsayar da mai aikin gida: a V6 na Honda an ɗaure shi a 245 Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, kuma sai da wani ƙarfe na musamman mai riƙe fulin ake kwance shi. Duk da haka zan faɗa maka yadda aikin kirki yake tafiya, don ko ba kai za ka yi ba, ka san abin da kake kallo idan ka tsaya a gefe.

Injin ya huce sarai. A cire wayar batir ta gefen baƙi, saboda fankar lantarki takan tashi da kanta ko da mota a kashe. A tara ruwan lagireto a cikin roba, kada a bar shi ya malale a ƙasa. Wannan ba maganar tsabta kaɗai ba ce: sinadarin da ke cikinsa, etilin gilaikol, guba ne mai lalata ƙoda, kuma yana da zaƙi, yaro ko kyanwa ko kare za su iya lasa. A ɗora motar a kan ƙafafun tokara, ba jak kaɗai ba. A yawancin motocin da injinsu ke kwance a gicciye sai an cire kujerar injin ta wannan gefen, don haka a tokare shi ta ƙasa da jak, da katako a tsakani. Kafin a taɓa tsohon bel, a juya karanshaf da hannu har alamomin taimin na sama da na ƙasa su hau kan layinsu, kuma daga lokacin da bel ya fita kada wani ya murɗa karanshaf ko kamshaf.

Notocin famfo ba lallai tsawonsu ya zo ɗaya ba. Zana siffar famfon a jikin kwali, ka huda, ka soke kowanne a gurbinsa. Dogon noti a gajeren rami yana iya fasa alminiyam, ko ya tsaya bai danne famfon ba kana zaton ya ɗauru. Idan famfon ya liƙe, a bubbuga shi da gudumar roba. Kada a cusa sukudireba tsakaninsa da injin ana ɓamɓara, don zanen da zai bari a fuskar alminiyam hanyar yoyo ce ta dindindin.

Nan ne nake so ka sa ido sosai, don nan ake gane mai hannu da mai gaggawa. Fuskar da famfon zai zauna a kai dole ta fita tas: babu ragowar tsohon gasket, babu tsatsa, babu maiƙo. Da abin kankara na roba ake yi, a hankali, ba da samfefa mai kaushi ko burushin waya na inji ba. A ajiye tsohon famfo da sabo gefe da gefe a gwada: ramukan noti, tsawon fuli, faɗin farfela, da inda fukafukanta suka fuskanta, don akwai famfunan da suka yi kama amma juyinsu ya saɓa. Idan zoben roba ne ke rufe shi, a jiƙa shi da ruwan lagireto kawai. Giris ko baƙin mai suna kumbura irin wannan robar. Gam kuwa, sai inda kamfanin ya ce a sa, kuma siriri. Na sha ganin an lafta shi kamar ana yaɓen bango. Rarar da ta matso waje kana gani, amma irinta ta matso ciki, kuma ita ce za ta gutsure ta bi ruwa ta maƙale a sil ɗin sabon famfon ko a bututan hita. Notocin ƙanana ne, masu kaurin milimita 6 galibi 10 zuwa 12 Nm suke so, ƙarfin wuyan hannu ke nan ba na kafaɗa ba. A ɗaura su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, da sufana mai awo. Kuma kada a yi ta wulwula sabon famfo a bushe ana jin daɗin santsinsa, zobban nan biyu ba a yi su don su gogi juna babu ruwa ba.

Wata al'ada tawa da ta sha cetona: da zarar famfo ya zauna, kafin bel da murafe su koma, nakan cika ruwa in yi gwajin matsi. Idan akwai yoyo, yanzu ne gyaransa yake minti goma. Bayan nan a share duk fulolin su bushe, a ɗaura sabon bel, a saki tenshina, sannan a juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku ta inda injin ke juyawa. Zagaye biyu na karanshaf shi ne ɗaya na kamshaf, don haka alamomi duka su dawo kan layinsu. Idan an ji ya tokare da wani abu mai tauri, a tsaya, kada a danna. Makanikin da ya tsallake wannan ya nufi makulli kai tsaye, ka dakatar da shi.

Saura fitar da iska, wadda rashin yinta ke sa mutum ya canza famfo ya dawo washegari yana cewa zafin ya fi na da. Famfon ruwa ba ya tura iska. Idan ta taru a kusa da farfela ko a bayan tamostat, ruwa ba zai zagaya ba. A ɗan ɗaga gaban motar, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, a buɗe ɗan notin fitar da iska idan injin yana da shi, a zuba ruwa a hankali ta mazurari. A tayar, a bar shi a silo, ana ƙarawa yana sha, har tamostat ya buɗe, tiyo ta sama da ta ƙasa duka su yi zafi, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, hita kuma ta hura iska mai zafi sosai. A bar shi ya kwana, da safe a sake duba ruwan, don yakan ɗan sauka. Ɗan danshi a ramin sabon famfo a kwanakin farko yakan faru kafin zobban su zauna da juna, amma ya kamata ya ɗauke.

Na ce zan dawo kan ruwa. Ruwa ba ya tsami banza, famfo ma ba ya mutuwa banza. Naka ya yi shekarunsa, ba za a ce ya yi gaggawa ba. Amma wata guda ke nan kana ƙara ruwa, kuma ina kyautata zaton ruwan famfon gida zalla kake zubawa, wanda ke nufin abin da ke cikin injin yanzu ya tsinke ƙwarai. Mutane suna cewa ai ruwa zalla ma yana sanyaya injin, kuma gaskiya ne, yana ɗaukar zafi har fiye da kulant, wato ruwan lagireto da aka gauraya da sinadari. Sai dai sanyaya ɗaya ce daga ayyukan kulant. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, da matsin murfi ya kai wajen 120. Gaurayen rabi da rabi, da murfi mai kyau, yana dab da 130 kafin ya tafasa, kuma ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne magungunan da ke cikinsa masu hana tsatsa da cin alminiyam. Babu su, tsatsa za ta taso, gishirin ruwa ya daskare ya zama ɓawo, su biyun su zama kamar yashi mai ratsa tsakanin zobban sil yana karce su. Sabon famfo a cikin ruwa mai tsatsa ba ya daɗewa, sai a ɗora laifin a kan famfon. Saboda haka a wanke hanyar ruwan har ya fito garau kafin a ɗaura sabon, a zuba irin kulant ɗin da littafin motar ya ambata. Kada ka dogara da launi, rini ne kawai, kamfanoni biyu suna iya yin launi ɗaya da sinadari daban. Idan mai kauri ka saya wanda ake sirkawa, ka sirka da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ruwan ne zalla ba mai asid ba.

Idan wani ya ba ka shawarar a cire tamostat a jefar don mota ta daina zafi, ka ƙi. Yana buɗewa ne a wajen digiri 82 zuwa 90 don injin ya yi aiki a zafin da aka ƙera shi dominsa. Babu shi, injin yana daɗewa bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin kansa, kuma a wasu injunan shi ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa kan bi ya koma injin ba tare da ya je lagireto ba.

Wajen kai ta gareji, jan ta ya fi. Idan tafiyar gajera ce ƙwarai kuma babu yadda za ka yi, ka cika ruwa tana sanyi, ka kashe iya-kwandishan, ka kunna hita, ka tafi a hankali. Allura ta haura inda ta saba tsayawa, ka faka ka kashe. Ka kuma san wannan: idan hita ta koma hura sanyi, ko allura ta faɗo ƙasa haka kawai bayan ta hau, ba sauƙi aka samu ba, ruwan ne ya ƙare har sensa ba ta taɓa shi. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan da ke ƙarƙashin matsi zai yi tsartuwa ya saɓule maka fata, kuma kada ka kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya yi jajir.

In an gama, ka ce a ba ka tsohon famfon ka duba da idonka. Idan farfelar tana nan lafiya, boris ne kawai ke lilo, tsufa ne. Idan ta yi ja da tsatsa ko fukafukanta sun cinye sun yi siriri, ruwan da ake zubawa ne. Idan ta yi ƙananan ramuka kamar an tsattsaga ta da allura, ruwa ne yake kumfa yana fashewa a jikinta, wanda ke nuna murfin lagireto ba ya riƙe matsi ko iska tana shiga ta wani wuri. Idan ta roba ce kuma tana juyawa a kan sandar ita kaɗai, ta daɗe ba ta tura ruwa yadda ya kamata. In ka ga tsatsa ko ɓawo a jikinta, ka sa a cire lagireton ma a duba bututansa kafin ka karɓi makulli.